Yadda ake cire kafireta a sa injekta a injin tsohuwar a-kori-kura

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar a-kori-kura mai kafireta ya san halinta da sanyin safiya, sai ka ja cok, ka bubbuga totur sau uku, kayi ta kik tana tari kamar mai mura, in ta tashi ma sai ka zauna kana lallashinta kafin ta yarda ta tsaya a silo. Abinda ke sa mutane tunanin injekta kenan. Aikin yana yiwuwa kuma ba sai an sauke inji ba, amma bari in gaya maka tun yanzu, wancan abin da ake ɗorawa a saman injin shine mafi sauƙi a ciki, noti huɗu ne kawai. Wahalar tana wajen tankin mai da wayarin. Maganar injin fetur nake fa, dizal dama bashi da kafireta.

Kafin ka sayi komai fara duba lafiyar injin, dan injekta bata warkar da inji mai ciwo. A gwada kwamfireshon na kowace silinda, in ɗaya ta faɗi ƙasa sosai to ringi ne ko bawul, a gyara tukunna. Injin da ke shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi zai kashe maka sansar oksijin cikin ɗan lokaci. Duba gaskit ɗin manifol ko yana zuƙar iska, duba salansa tun daga bakin inji ko akwai inda take huci. Sannan tamostat, in an taɓa cire shi kamar yadda wasu ke yi wai dan kar mota tayi zafi, to a mayar. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injekta, da zafin ruwa yake aiki, in injin bai kai zafinsa ba, zai ɗauka har yanzu safiya ce yayi ta zuba mai. Kit ɗin injekta irin su Holley Sniper basa ma fara koyon injin sai ruwa ya kai wajen digiri 71 a ma'aunin Salshiyas.

Sai zaɓen hanya. Akwai masu ciro kayan injekta daga ɗan'uwan injinsu da kamfani ya fitar daga baya, misali Toyota 22R mai kafireta yana da ƙani 22R-E mai injekta, Ford 300 mai silinda shida ya koma injekta a 1987, haka ma a-kori-kurar GM daga 1987 zuwa 1995 sun zo da TBI, wato injekta biyu a zaune a gurbin kafireta. Wannan hanyar tana da kyau in ka samu mota ɗaya ka kwashe komai daga jikinta, manifol da birenbos da wayarin da dilko da sansoshi, amma in ka tsinto ɗaya nan ɗaya can zaka sha wuya. Akwai kuma birenbos irin su Megasquirt da Speeduino na masu son zama da laftof suna saita komai da hannu. Ni wadda zan bi da kai ita ce ta tsakiya, kit irin na Holley Sniper ko FiTech, wanda yake zama daidai inda kafireta take, birenbos ɗin yana jikinsa kuma yana koyon injin da kansa. Kawai ka tabbata ƙafarsa ta dace da bakin manifol ɗinka, dan na mai maƙogwaro biyu daban na mai huɗu daban, in basu dace ba sai da adafta.

Yanzu wajen mai, nan zan daɗe. Kafireta da ƙarfin mai psi 4 zuwa 7 take aiki, wancan ƙaramin famfon da ke jikin inji ya ishe ta. TBI na GM yana son psi 9 zuwa 13, su kuwa waɗannan kit ɗin wajen psi 58 suke nema, kaga ashe ba wasa bane. Dan haka tsohon famfon zai fita, a toshe gurbinsa da faranti da gaskit, a kawo na lantarki. Famfo mai tura lita 255 a awa shine aka fi sawa kuma ya ishi yawancin injinan nan. In da hali a sa shi cikin tanki, mai yana sanyaya shi, baya kuka, kuma ya fi daɗewa. In dole sai a waje to a ɗaure shi kusa da tanki kuma ƙasa da gindin tankin, saboda irin wannan famfon turawa ya iya, bai iya zuƙa ba, in ka kai shi can gaba kusa da inji zai yi ta ƙara yana zafi har ya mutu.

Sauke tankin ka leƙa ciki da tocila. Tankin da ya shekara talatin ko arba'in ba'a rasa tsatsa da laka a gindinsa, kafireta tana haƙuri da wannan amma ramin injekta ɗan mitsitsi ne. A wanke shi tas ko a canza. Filta biyu zaka sa, mai maikron 100 kafin famfo, mai maikron 10 bayan famfo. Kar ka juya su, in ka sa mai ƙananan ramuka a gaba famfon zai shaƙe.

Wani abu da ba kowa ke faɗa ba, yawanci tsohon tanki bashi da shingen da ke tare mai a ciki. Kafireta tana da ɗan kofinta da take ajiye mai, ko man ya gudu gefe a kwana bata ji. Injekta bata da wannan, daƙiƙa ɗaya famfo ya zuƙi iska motar ta ɗauke. Ni na gani da idona, mai ya sauko kwata, ina shan kwana a hawa motar tayi tsit kamar an zare makulli, ina miƙewa ta dawo. Maganinsa ko tanki mai shinge, ko famfon da yazo da ɗan bokitinsa, ko ƙaramin tankin ajiya da ake sawa tsakani.

Tiyo kuma kar ka kuskura ka bar na da. Karanta rubutun jikinsa, 30R7 na kafireta ne, 30R9 shine na injekta, guntun da zai zauna cikin mai a tanki kuma 30R10. Kilif ma a sa na injekta mai santsin ciki wanda baya yanka roba. Sai layin da zai mayar da ragowar mai tanki, shima a ja shi da kauri ɗaya da na zuwa, in ya matse ƙarfin man zai haura motar tayi ta shan mai ba dalili. A nisanta duka biyun daga salansa, kuma murfin tanki ya zama mai numfashi.

In an gama da ƙasa sai a hau sama. Cire kan batir na negetif tukunna. Kwance kafireta, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol kar wani noti ya faɗa, kankare tsohon gaskit, ka tuna ka cire tsumman, ɗora sabon gaskit da kit ɗin, ka ɗaure notin huɗu a gicciye kaɗan kaɗan ba da ƙarfin tsiya ba dan ƙafar alminiyom ce tana tsagewa. Mayar da wayar totur, sa wani ya taka feda har ƙasa kai kana kallo ko ya buɗe duka kuma yana komowa da kansa, sifirin ɗin da ke dawo da shi dole ne. In giyar otomatik ce akwai wayar da ke tafiya zuwa giya daga nan, musamman 700R4 na GM, in ba'a saita ta daidai ba giyar ce zata ƙone. Tiyon iska na birki da na dilko kowanne ya koma bakinsa, wanda ba'a amfani da shi a toshe.

Sansar zafin ruwa a ɗaura ta a manifol ko kan silinda kafin tamostat, inda ruwan inji ke wucewa kullum. Sansar oksijin kuma sai an huda salansa mai walda ya liƙa mata mazauni, zaren M18 ne. A sa ta bayan inda bututun silindoji suka haɗu, kanta ya ɗan kalli sama, aƙalla digiri 10 daga kwance, dan ruwan da ke taruwa a salansa da safe kar ya kwanta mata. A bar aƙalla inci 18 na bututu a bayanta. In akwai ƙofar da iska ke shiga kafin sansar, zata gaya wa birenbos mai yayi kaɗan, shi kuma yayi ta ƙarawa har filogi suyi baƙi ƙirin.

Wayarin. Jar waya da baƙa na kit ɗin kai tsaye kan batir zasu, ba jikin bodi ba, ba bayan makulli ba. Famfo ya samu rile da fis nasa. Sai ƙaramar wayar makulli, wannan ita ta cinye min yini guda. Na ɗauko ta daga wata waya da ke kawo wuta in an buɗe makulli, ashe lokacin kik ɗaukewa take, allon hannu na kit ɗin yana kawowa lafiya, famfo yana kuka, ina murɗa makulli komai ya mutu. Sa mita ka gwada, dole ta nuna volt 12 a buɗe kuma kar ta ɗauke lokacin kik. Kar kuma ka ɗauka daga wayar kwayil ta motar da ke da kontak, akwai resisto a kanta da ke rage wutar. Siginar juyin inji daga negetif ɗin kwayil ake ɗauka ko bakin tako, wato na agogon juyin inji, a dilkon lantarki, kuma a raba wannan wayar da wayoyin filogi, in suka kwanta tare birenbos zai riƙa ganin juyin ƙarya. Filogi masu resisto, wayoyin filogi ma banda masu zallan ƙarfe a ciki. Ka duba altaneta, na da can wasu basu wuce amfiya 40 zuwa 60 ba, ga famfo ya ƙaru. In dilkonka mai kontak ne wlh gara ka mayar da shi na lantarki a wannan aikin.

Ranar tayarwa kar kayi gaggawar kik. Buɗe makulli ka rufe sau uku ko huɗu famfo ya cika layi, ka bi kowace mahaɗa da ido da hannu tun daga tanki, ko ɗigo ɗaya ka gani tsaya ka gyara, kuma abin kashe gobara ya zama yana kusa. Geji ya nuna ƙarfin da kit ɗin ya nema. A allon hannu zai tambaye ka yawan silinda, girman inji, irin kam, da silon da kake so. Kafin kik duba totur yana nuna 0, zafin ruwa kuma yayi daidai da yanayin gari, in ya nuna wani abu na hauka to sansa ce ko wayarta.

In ta tashi barta tayi zafi sosai, sannan ka saita sukurun silo har IAC, wato bawul ɗin da ke ba inji iska a silo, ya zauna tsakanin 2 da 10 cikin ɗari a allon hannu, ka sake duba totur ya koma 0. Haska taimin da fitila dan kit ɗin da yawa basa taɓa shi sai ka haɗa musu. A silo da tafiya sannu lambar iska da mai, wato kashi nawa na iska ke haɗuwa da kashi ɗaya na mai, zata riƙa yawo kusa da 14.7 ko ƙasa kaɗan, in ka take totur ta sauko wajen 12.5 zuwa 13. Sai ka fita da ita, cikin gari, babban titi, hawa, da kaya da babu kaya, kana canza giya kana barin ta ta ja a kowane juyi. Kwanakin farko zata ɗan yi gardama wajen tashi daga tsaye, kar ka hau taɓe-taɓen saiti, barta ta koya. Bayan kamar sati ɗaya ka sake bin kilif ɗin tiyo da notin nan huɗu da sifana, sabon gaskit yana kwantawa in ya sha zafi, sannan ka zaro filogi ɗaya ka ga kalarsa.