Ƙafar da ta saba gurɗewa: inda ake yin kuskure

Wanda idon sawunsa ya taɓa gurɗewa ya fi kowa haɗarin sake gurɗewa, kuma galibi a wannan ƙafar dai. Sai ka ji ana cewa ƙafar ce ta saba. Dalilin yana cikin jiki, kuma yawancinsa daga yadda aka yi jinyar targaɗen farko ne.

Mafi yawan targaɗe yakan faru ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki ya faɗa a gefen waje. A nan akwai jijiyoyi 3 da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ta gaban ce ke fara miƙewa ko yagewa. Jijiyoyin nan ba ɗauri kaɗai suke yi ba, suna kai wa ƙwaƙwalwa labarin yadda ƙafa ta taka ba tare da ido ya duba ba. Targaɗe yana dagula wannan saƙo. Shi ya sa ɗan dutse ko ɗan rami ya isa: kafin tsoka ta farga, ƙafa ta riga ta juya.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar lafawar zafi a matsayin warkewa. Zafi kan ragu cikin mako 1 ko 2, amma jijiya tana buƙatar mako 6 zuwa wata 3. A tsakanin nan ne saurayi ke komawa filin ƙwallo, wani ma har ya sha maganin kashe zafi don a sa shi a wasa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙafar da za ta ɗauke shi har tsufa ce yake lalatawa.

Gyaran shi ne a sake koya wa ƙafar aikinta. Da zarar kana iya takawa, tsaya da ita kaɗai kusa da bango na daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma. Lokacin goge baki ma ya wadatar. In ya yi sauƙi, rufe ido. In wannan ma ya yi sauƙi, hau kan matashi. Sannan ka samu tsohon tiyub na keke, ka ɗaure shi a ƙafar gado, ka saƙala bayan ƙafarka kana turawa waje a hankali. Da wannan tsokar gefen ƙwauri ke ƙara ƙarfi, ita ce ke tare ƙafa in za ta juya. Haɗa da ɗaga dunduniya da miƙe sha-raɓa. A yi haka aƙalla mako 6. Kada a koma wasa sai an iya tsalle da ƙafar ita kaɗai babu zafi, babu tsoro.

Sai maganar ja. "A ja ta ta koma," in ji mutane. A targaɗe babu abin da ya goce da za a mayar, jan yana ƙara yaga jijiyar ne. Haka gashi da ruwan zafi da murza man zafi a ranar farko, kumburi suke ƙarawa. A kwana 2 zuwa 3 na farko a ɗaga ƙafa sama, a naɗa bandeji daidai wa daida, a sa ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, ɗaurin ya matse, a sassauta nan take. Kwanciya ta makonni ita ma kuskure ce, tana sandarar da gaɓar.

Wasu kuma karaya suke jinya da sunan targaɗe. A 1992 likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar da ma'auni mai sauƙi: in mutum bai iya taku 4 ba, ko in an danna ƙashin idon sawu ta baya ko ƙashin gefen ƙafa ya ji zafi, to a yi hoto.

A duba takalmi ma. Wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya yana karkatar da ƙafa, silifa da mai tsini ba sa riƙo a hanya mai gargada. Ɗan ƙwallo ya riƙa sa maɗaurin idon sawu lokacin wasa na wata 6 ko fiye, amma kada ya bar atisaye saboda shi. In an yi wata 3 ana atisaye ƙafar na ci gaba da zillewa, a ga likitan ƙashi ya duba ko jijiyar ta tsinke gaba ɗaya.