Kurakuran da ɗaliban aikin jinya suka fi yi a zaurukan aji na kafafen sada zumunta, da yadda ake gyara su

Da wuya a sami aji a makarantar koyon aikin jinya a yau wanda ba shi da zaure a WhatsApp ko Telegram, inda ake sanar da sauyin lokacin lacca, a raba jadawalin zuwa asibiti, a kuma tura takardun karatu ga waɗanda ba su da halin sayen manyan littattafai. Amfanin wannan zaure ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda yawancin kurakuran da ake yi a cikinsa suke fitowa daga tushe guda, wato ɗalibi ya ɗauka yana hira ne da abokansa kaɗai, alhali yana rubutu ne a wurin da mutum hamsin ko ɗari suke karantawa, kuma kowanensu yana iya ɗaukar hoton allon wayarsa ya tura wa wanda ya ga dama.

Kuskure mafi girma, wanda kuma ya fi saurin raba ɗalibi da karatunsa, shi ne tura hoton majinyaci ko bayaninsa. Galibi ba da mugun nufi ake yi ba. Ɗaliba ta ga wani irin gyambo ko ƙuna da ba ta taɓa gani ba sai a littafi, ta ɗauki hoto, ta tura wa 'yan ajinsu domin su ma su ƙaru, tana ganin tunda ta rufe fuska ko ba ta ambaci suna ba, to ta rufa asiri. Ba ta rufa ba. Lambar gado, katin da ke rataye, zanin da majinyaciyar ta ɗaura, lallen hannunta, ko 'yar'uwarta da ta faɗo a gefen hoto, duk suna isa a gane ta. Ko da babu hoto, jumla ɗaya kamar a ce matar wani mai unguwa, mai ciki na tara, wadda aka kawo daren jiya daga ƙauye kaza, ta wadatar a garin da kowa ya san kowa, musamman da yake ba abin mamaki ba ne a sami dangin matar ko maƙwabtanta a cikin ajin.

Wannan ba batun ladabi kaɗai ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta bayyana cewa duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da ake yi masa, har da zamansa a asibiti, sirri ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Kundin ɗa'a na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda aka sabunta a 2021, ya ambaci kafafen sada zumunta ƙarara a inda yake magana kan tsare sirrin majinyata da abokan aiki. A Amurka, a ƙarshen 2010, wata kwaleji a jihar Kansas ta kori ɗalibai huɗu saboda hoton da suka ɗauka da mabiyiya a wurin darasi, wanda aka ɗora a Facebook. Kotu ta ba da umarnin mayar da wadda ta kai ƙara a farkon 2011, amma sai da sunanta ya zaga jaridun duniya tukuna, kuma ba kowane ɗalibi ne ke da halin ɗaukar lauya ba.

Gyaran a nan ba shi da sassauci: kada a ɗauki hoton majinyaci, ko fayil ɗinsa, ko sakamakon gwajinsa da wayar kai, ko da shi ya ce ya yarda, domin mutumin da ke kwance yana jiran a wanke masa ciwo ba ya iya ce wa mai farin kaya a'a. Wanda ya ga abin da ya dace aji ya koya, sai ya kai wa malamin da ke kula da su a asibiti, a tattauna shi a aji bisa ƙa'ida. Masu cewa ai saƙonnin WhatsApp a kulle suke, babu mai karanta su a hanya, gaskiya suka faɗa, sai dai kullewar tana ƙarewa ne da zarar saƙon ya sauka a wayar ɗan aji, inda hoton kan shige ma'ajiyar hotuna da kansa, ƙanne da 'ya'ya kuma su ɗauki wayar su yi wasa da ita.

Wani kuskuren da ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba shi ne dogaro da takardun da ake ta turawa daga zaure zuwa zaure ba tare da an san wanda ya rubuta su ko shekarar da aka rubuta su ba. Ilimin jinya yana sauyawa. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sauya tsarin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, ta sa danna ƙirji a gaba kafin buɗe hanyar iska da hura numfashi. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu, daga sha sau biyu zuwa sha a kowane zuwa awo tun daga zango na biyu na ciki, wato daga wata na huɗu, da tazarar akalla wata guda. Har yau tsofaffin takardu masu ɗauke da tsohon bayani suna yawo a wayoyin ɗalibai. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne hoton rubutun hannu mai dishi-dishi, inda ɗigo ɗaya kan ɓace 0.5 ya koma 5, ko a kasa bambance miligiram da maikurogiram, alhali na farko ya ninka na biyu sau dubu. Duk wanda zai tura takarda ya rubuta sunan littafin ko hukumar da ta fitar da ita da shekararta, duk wani adadin magani kuma a sake duba shi a littafin magunguna ko wurin malami. A gaban gadon majinyaci kuwa, takardar likita da ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin su ne madogara, ba saƙon ɗan aji ba.

Haka nan sanarwar makaranta. An ce an ɗage jarrabawa, wa ya ce? Ya kamata aji ya buɗe zaure na biyu wanda shugaban aji da mataimakinsa kaɗai ke iya rubutu a ciki, su riƙa haɗa kowace sanarwa da hoton allon sanarwa ko sunan ofishin da ta fito. Wannan zai kuma magance matsalar nutsewar muhimmin saƙo a cikin gaisuwar Juma'a, da tallan atamfa da turaren wuta, da dogayen saƙonnin murya da wanda ke bakin aikin dare ba zai iya saurara ba.

Rikici tsakanin 'yan aji ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin aikin rukuni da rabon kwanakin aiki a asibiti ba sa rasa ƙorafi. Kuskuren shi ne a kwaso ƙorafin a zube shi a zaure, ko a yi habaici a sitatus, ko a zagi malama da shugabar ɗakin jinya ana ganin ba za su gani ba. Za su gani. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar da matakin wata kwaleji a jihar Minnesota na cire wani ɗalibin jinya daga karatu saboda kalaman da ya rubuta a Facebook game da 'yan ajinsu, bisa hujjar cewa makarantar koyon sana'a tana da ikon riƙe ɗalibanta da ɗa'ar sana'ar ko a wajen aji. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi a ko'ina, domin waɗannan 'yan ajin su ne gobe za a miƙa wa majinyata a ƙarshen aikin dare, kuma wanda aka ci wa mutunci a gaban mutum tamanin ba ya mantawa da wuri. Wanda aka ɓata wa rai ya kira wanda ya ɓata masa, ko ya same shi ido da ido, in abin ya gagara a kai wa malamin aji.

Idan jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta gabato, sai zauruka su cika da masu tallan tambayoyin da suke iƙirarin sun fito, a biya kuɗi a samu. Nazarin tambayoyin shekarun baya tare abu ne mai kyau, amma tura abin da aka ce na jarrabawar da ba a riga an yi ba ne, satar amsa ce, kuma saƙon yana nan da lambar wanda ya tura shi. Yawanci ma damfara ce kawai. Akwai kuma damfarar da ta addabi zaurukan ɗalibai, inda wani zai bugo waya ya ce daga zauren aji ne, za a yi taro ta intanet, a karanto masa lambobi shida da suka shigo ta saƙo. Da zarar an karanto, ya ƙwace asusun WhatsApp na wanda ya karanto, ya shiga roƙon kuɗi da sunan mai shi, ya kuma ga duk abin da ake turawa a zauren daga lokacin. Maganinta shi ne kada a ba kowa waɗannan lambobi, kowane ɗan aji kuma ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp.

Idan kuwa an riga an tura abin da bai dace ba, musamman na majinyaci, to a goge shi ga kowa nan take, domin WhatsApp yana ba da damar haka ne na kimanin kwana biyu kawai, mai kula da zaure ma yana iya goge saƙon wani. Bayan haka a roƙi 'yan aji su share shi daga wayoyinsu, sannan ɗalibin ya je da ƙafarsa ya sanar da malamin da ke kula da shi kafin hoton allon ya riga shi isa ofis, domin yana yiwuwa asibitin ya buƙaci sanar da majinyacin ko iyalinsa, kuma wannan mataki ba ɗalibi ne ke yanke shi ba.