Yadda ake ceton samfura da bayanai idan gwamnati ta rage ma'aikatan cibiyar bincike

Da zarar an fara raɗe-raɗin rage ma'aikata a cibiyar bincike ta gwamnati, hankalin kowa kan albashi da fansho yake komawa, kuma babu laifi a hakan. Sai dai abin da ke cikin firiza ba ya jiran takardar sallama. Ginin da aka rufe ana iya sake buɗe shi, amma jinin da aka shekara 20 ana tarawa, in ya narke ya tafi ke nan. Don haka a fara aikin tun ranar da aka ji ƙishin-ƙishin, lokacin da masu sanin kan kayan suna nan.

Aikin farko ƙidaya ce. A bi firiza ɗaya bayan ɗaya, kanta bayan kanta, akwati bayan akwati, a rubuta mene ne a ciki, wa ya ajiye, yaushe, yana da haɗari ko babu, kuma wace takardar izini ce ta halatta riƙe shi. Kada a tsallake ɗakunan ajiya da aka daɗe ba a leƙa ba. A watan Yulin 2014, ma'aikatan hukumar abinci da magunguna ta Amurka suna haɗa kaya don ƙaura daga Bethesda suka ci karo da kwalabe 6 na ƙwayar cutar agana, waɗanda aka ajiye tun wajajen 1950 aka manta da su. Kowane akwati a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya da sunansa, wanda aka tabbatar zai ci gaba da aiki. Akwatin da aka ce "na sashe ne" shi ne ke fara zama maraya.

Sannan a kasa kayan kashi uku: wanda ba a sake samu har abada, wanda za a iya sake haɗawa da wahala, da wanda ake saye a kasuwa. Kashi na farko ya cinye yawancin lokaci da kuɗi. A raba kowane samfuri gida biyu, a aika rabi wata jami'a ko ma'ajiyar samfura, bayan an sa hannu a yarjejeniyar miƙa kaya. Idan samfurin na jikin mutane ne, a duba takardar yardar da suka sa wa hannu, domin sau da yawa ba ta ba da damar miƙa shi ga wata cibiya ba.

Wajen ɗaukar kayan ne aka fi yin asara. Abin da ke zaune a digiri 80 ƙasa da sifili ana tafiya da shi a busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, wadda sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifili. Tana ƙarewa da kimanin kilo 2 zuwa 5 a kowace awa 24 a akwati mai rufi, saboda haka a zuba ta kwana biyu fiye da tsawon tafiyar, kuma kada a toshe akwatin ruf, don iskar da take fitarwa na iya fasa shi. Ƙwayoyin halitta masu rai kuwa wannan sanyin bai ishe su ba. Suna bukatar sanyin da ya wuce digiri 130 ƙasa da sifili, wato sai tulun ruwan naitirojin, wanda ke kan digiri 196 ƙasa da sifili. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana zama iska kusan lita 700, wadda ke korar iskar da ake shaƙa, shi ya sa ba a shiga lif ko rufaffiyar mota tare da tulun. Mutum na iya suma ba tare da ya ji warin komai ba. A saka na'urar auna sanyi mai zaman kanta a cikin kowane akwati. Allon jikin firiza yakan yi ƙarya idan na'urarsa ta lalace. A kuma sauya lambar wayar da ƙararrawar firiza ke kira, domin an sha samun tana ta kiran wanda aka riga aka sallama.

Na'urori masu maganaɗisun da ake sanyayawa da ruwan hiliyam ba a kashe su kamar fitila. Ko dai a ware kuɗin ci gaba da zuba musu hiliyam da naitirojin, ko a kira injiniyan kamfanin ya sauke su a hankali.

Bayanai a yi musu kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin, a kuma gwada buɗe kwafin kafin a goge na asali. Fayilolin da manhajar na'ura kaɗai ke iya karantawa a juya su zuwa nau'in fayil da manhajoji da yawa ke iya buɗewa, kamar CSV ko TIFF, tun lasisin manhajar bai ƙare ba, a ajiye tsohuwar kwamfutar da ke haɗe da na'urar. A kwashe abin da ke cikin imel ɗin masu tafiya, don yawanci ana rufe shi ranar da suka bar aiki. Littattafan gwaji na takarda a ɗauki hotonsu shafi-shafi. Ma'aikacin fasaha da ya shekara 15 kan na'ura ɗaya ya san abubuwan da babu su a rubuce. A ɗauke shi bidiyo yana aikin daga farko zuwa ƙarshe, yana faɗin inda take gardama da yadda yake shawo kanta.

Sinadarai masu haɗari ba a barin su ga mai shara. Tsohuwar kwalbar sinadarin ether ko busasshen asid ɗin fikirik (picric acid) na iya fashewa daga murɗa murfi kawai, don haka kada a taɓa, a kira masu aikin kwashe su. Duk wani abu mai fitar da tururin nukiliya a miƙa shi ta hanyar da hukumar da ta ba da lasisinsa ta amince, da takarda a hannu. A 1987, a garin Goyaniya na Burazil, na'urar gasa cutar daji da tururin nukiliya da aka bari a asibitin da aka ƙaurace wa ta faɗa hannun masu gwangwan, mutum 4 suka mutu.

Awon da ake yi shekara da shekaru, na ruwa ko iska ko cuta, giɓin shekara ɗaya yana rage masa daraja, saboda haka a nema masa magaji da wuri. Gwamnatin Kanada ta sanar a 2012 cewa za ta janye daga tafkuna 58 na gwaji da ke Ontariyo, kuma sai a 2014 wata cibiya mai zaman kanta ta karɓi ragamarsu. Idan an samu mai karɓa, tsofaffin ma'aikata da sababbi su yi awon tare, da tsohuwar na'ura da sabuwa, na aƙalla 'yan watanni, a rubuta bambancin da ke tsakaninsu a cikin fayil ɗin bayanan.