Yadda ake binciken yanke shawarar 'yan wasa, a buga shi, kuma wasu su riƙa ambatonsa

Duk shekara ɗaliban sashen motsa jiki da wasanni, na Zariya da na cikin garin Kaduna, sukan zo da batu kusan iri ɗaya: tasirin halayyar ɗan wasa a kan shawarar da yake yankewa a fili. Batun ba shi da laifi. Inda ake samun matsala shi ne abin da ke biyo baya. Ɗalibi zai buga tulin takardun tambayoyi, ya yi sammako zuwa Dandalin Murtala, ya raba wa yaran da ke ɗaure takalmi, su kuwa su bi layi suna yi wa "na amince ƙwarai" maki don su sallame shi su shiga atisaye. A ƙarshe a ɗinke kundi, a sa hannu, ya hau kanta yana shan ƙura. Babu mujallar kirki da za ta karɓe shi, domin ba a auna shawara ko ɗaya ba, ra'ayin mutum a kan kansa kawai aka tattara.

Ba zan tsaya kan tsara babi na ɗaya da na biyu ba, malamin da ke duba aikinka zai nuna maka wannan da jan biro.

Mataki na farko: ka matse tambayar har ta koma daƙiƙa ɗaya a cikin wasa. Dubi yadda Michael Bar-Eli da abokan aikinsa suka yi a 2007. Ba su ce za su binciki tunanin masu tsaron gida gaba ɗaya ba, bugun fenareti 286 kawai suka zauna suka kalla. Suka ga kusan kashi 94 cikin ɗari na lokutan gola faɗawa yake yi dama ko hagu, alhali da ya tsaya a tsakiya da ya fi samun damar tare ƙwallon. Dalilin da suka kawo shi ne gola ya fi jin kunyar a ci shi yana tsaye kamar an dasa shi, gara a ga ya yi tsalle. Tambaya ƙarama, amsa mai lamba, kuma har yau ana ambaton aikin hatta a wajen masana tattalin arziki. Kai ma zaɓi abu guda: ɗan tsakiya ya ba da ƙwallo ko ya ja ta, alƙalin wasa ya hura usur ko ya bari.

Mataki na biyu: karatu. Ka buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka nemo aiki ɗaya da ya yi kama da naka, ka danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace shi, ka bi su. Wanda ya ƙi buɗuwa sai da kuɗi, ka rubuta wa marubucin imel cikin ladabi, da yawansu suna turowa.

Mataki na uku shi ne awon kansa, kuma a nan mutane ke faɗuwa, saboda haka a nan zan daɗe. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta tsayar da bidiyo. Joseph Johnson da Markus Raab sun yi amfani da ita a 2003 da 'yan ƙwallon hannu: a nuna hari, a tsayar da hoton ana tsakiyar abin, a ce wa ɗan wasa me za ka yi. Sun gano cewa zaɓin da ya fara faɗo wa ɗan wasa a rai yawanci ya fi waɗanda ya lalubo daga baya kyau. Wannan hanya ba ta buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi, waya mai kyamara mai kyau ta isa ɗaukar hoton.

Ka ɗauki hoton da kanka. Kar ka yanko daga gasar Firimiyar Ingila, yaran nan sun kalli wasan a gidan kallo, sun san inda ƙwallon ta ƙare, sai ka tarar kana auna ƙarfin tunawarsu. Haka ma kar ka nuna musu wasan da su suka buga. Je ka wata ƙungiya a wata unguwa, idan 'yan Tudun Wada za ka gwada to ɗauko hoton a Barnawa ko Kawo. Wayar ta kwanta a kaikaice, a kan ƙafar kyamara, daidai tsayin kai, a bayan mai riƙe da ƙwallo. Wanda ya hau kan benen 'yan kallo ya ɗauko daga sama ya ɓata aikinsa, domin babu ɗan wasan da ke ganin fili daga can. Bayan La'asar ya fi, kuma ka guji kwanakin da hazon hunturu ya yi kauri, rigunan ba sa rarrabuwa a hoto.

Yanka kowane guntu ya zama daƙiƙa 6 zuwa 10, ya tsaya cak kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo. Ni ban yarda da ƙasa da guntu 20 ba, kuma ka shirya 30 don wasu za su zube.

Ga inda za su zube. Kafin ɗan wasa ko ɗaya ya gani, ka kai guntayen wa ƙwararrun koci uku, kowa shi kaɗai, ya faɗi zaɓin da ya fi da wanda ke biye. Kar ka tara su wuri ɗaya, domin da babban cikinsu ya yi magana sauran za su ce "haka ne, Koci", ka tashi da ra'ayin mutum ɗaya. Duk guntun da suka saɓa a kai, jefar da shi. Na ga ɗalibai da dama sun tsallake wannan, su da kansu suke yanke wace amsa ce daidai, kuma tambayar farko da mai tantancewa a mujalla zai yi ke nan: wa ya ce wannan ce shawarar da ta dace? In ba ka da amsa, an gama.

Ranar gwaji, ɗaya bayan ɗaya ake shiga. A haska hoton a bango da majigi, ɗan wasa yana tsaye, ba a zaune ba. Umarnin ka rubuta shi da Hausa, ka karanta wa kowa da kalmomi iri ɗaya, kar ka yi wa wannan dogon bayani ka gajarta wa wancan don ka gaji. Da hoto ya tsaya yana da daƙiƙa 3 ya faɗi abin da zai yi, wata wayar kuma tana naɗar murya don ka samu lokacin da ya ɗauka. Wanda ya gama ya fita ta wata ƙofa, ka sa wani ya zauna da masu jira, in ba haka ba kafin mutum na biyar amsoshin sun zaga. Ka tanadi janareta ko majigi mai batir, kar ka dogara da wutar NEPA. Ruwa da ɗan kuɗin mota kuma wajibi ne, kuma wannan ne zai ci maka kuɗi fiye da kayan aikin. Takardar amincewa kowa ya sa hannu, wanda bai kai 18 ba sai iyayensa, sannan izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya zo kafin ka fara, ba bayan ka gama ba.

Sai abin da za ka kwatanta, wanda shi ne zai sa wani a Jamus ko Ostareliya ya kula da aikinka. Alan Nevill da abokansa a 2002 sun nuna wa alƙalan wasa 40 bidiyon wasan Liverpool da Leicester, wasu da ihun 'yan kallo wasu shiru. Masu jin ihun sun rage hura laifi a kan masu masaukin baƙi da kashi 15.5 cikin ɗari. Wannan a Ingila ke nan. Kai kana da filayen unguwa inda ɗan kallo ke tsaye taku biyu daga mataimakin alƙali, babu shinge. Kana da watan azumi, ka gwada yara iri ɗaya a cikinsa da bayan Sallah, ka sauya jerin guntayen a karo na biyu. Kana da zafin Maris da Afrilu, ga dambe, ga folo da Kaduna ta yi suna a kai. Da ni ne, alƙalan wasa zan fara nema: suna cika alƙawarin lokaci, kuma suna jin daɗin a tambaye su.

Mataki na huɗu, lissafi. JASP, manhajar lissafin alƙaluman bincike, kyauta ne kuma ya ishe ka. Ka faɗi girman bambancin da ka samu, ba kawai cewa akwai shi ba. Idan ba a samu bambanci ba, rubuta hakan, kar ka taɓa lambobin.

Mataki na biyar, mujalla. Duk wadda ta turo maka imel tana yabonka, ta yi alƙawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya, ka goge saƙon. Kowace mujalla ce, duba sunanta tukuna a Scopus ko DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance. Psychology of Sport and Exercise da Journal of Sport and Exercise Psychology su ne manya a fannin, ka fara daga sama, in sun ƙi ka kwashe gyaran masu tantancewa kyauta ka sauka ƙasa. Wasu mujallun da ake karantawa kyauta suna karɓar dubban daloli daga marubuci, ka nemi rangwame kafin ka tura. Malaman jami'a su tambayi ofishin da ke kula da tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Na ƙarshe, ambato. Ma'aunin da ake yawan dubawa shi ne wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ana ce masa h-index: in kana da 5, ma'ana ayyukanka biyar kowanne an ambace shi aƙalla sau biyar. Tarin takardu goma da ba wanda ya karanta ba sa ɗaga shi. Ɗora guntayen bidiyon da lambobinka a OSF, shafin da masu bincike ke ajiye bayanansu don kowa ya gani, idan waɗanda ke ciki sun amince, wanda ya yi amfani da su dole ya ambace ka. Rubuta taƙaitawa shafi ɗaya da Hausa ka kai wa kocin da ya ba ka yaransa. Sannan ka tsayar da rubutun sunanka: in yau kai ne Muhammad, gobe Mohammed, jibi M. A. kawai, na'ura za ta raba ka mutum uku, kowanne da ɗan ambatonsa. Buɗe ORCID, lambar shaida ce ta mai bincike, kyauta ne, ka sa lambar a duk takardar da za ka tura.