Yadda ake samo kuɗin tsarin tantance ma'aikata da izinin shiga a babbar ma'aikata

Kuɗin sayen manhaja ba kasafai yake kayar da wannan aiki ba. Abin da ke kayar da shi shi ne kuɗin da aka manta ba a rubuta ba: haɗa ɗaruruwan manhajoji da sabon tsarin, gyara bayanan ma'aikata, da albashin waɗanda za su riƙe shi a shekara ta biyu. Don haka ku yi lissafin shekara uku aƙalla.

Ku fara da ƙirga abin da ke hannu. Asusu nawa ne, har da na 'yan kwangila da waɗanda na'urori ke shiga da su? Lasisin manhajar tantance masu shiga, kamar Okta ko Microsoft Entra ID, ana biyansa ne bisa kan mutum, kuma duk wanda ya bar aiki amma lasisinsa na nan, kuɗi ne ke zuba. Sai ku raba manhajoji gida biyu: waɗanda suka dace da SAML ko OIDC (ƙa'idojin da manhaja ke bi ta haɗu da tsarin tantancewa), da tsofaffin da sai an rubuta musu mahaɗi na musamman. Kashi na biyu ne ke cinye kasafi. Kowace tsohuwa a yi mata nata ƙiyasin, in kuma an kusa daina aiki da ita, a ƙyale ta.

Daraktan kuɗi ba ya sakin kuɗi don an ce masa "tsaro". Ku kai masa alƙaluman gida. Sau nawa aka nemi sake kalmar sirri a watanni 12 da suka wuce? Kwana nawa sabon ma'aikaci ke zaune yana karɓar albashi ba shi da izinin shiga? Mafi ƙarfi shi ne a ɗora jerin Active Directory (rajistar asusun masu shiga kwamfutocin ma'aikatar) a kan jerin albashi a fitar da asusun waɗanda suka tafi amma ƙofarsu a buɗe. Irin wannan asusun VPN (hanyar shiga tsarin kamfani daga nesa), wanda ba a aiki da shi kuma ba shi da tantancewa ta biyu (ƙarin shaida bayan kalmar sirri), ta nan 'yan kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a 2021, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Bayan haka sai abin da doka ko ƙa'ida ta tilasta, in ya shafe ku: sashe na 404 na dokar SOX (dokar Amurka kan rahoton kuɗin kamfanoni), tarar GDPR (dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai) da ke kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara, da PCI DSS (ƙa'idar tsaron katin banki) da tun 31 ga Maris 2025 ke neman tantancewa fiye da ɗaya ga duk mai shiga wurin bayanan katin banki. Kurakuran da masu binciken kuɗi suka rubuta a rahotonsu kan motsa kwamitin gudanarwa fiye da kowane jawabi. Kada dai ku yi alkawarin rage ma'aikata a matsayin riba. Za a cire kuɗin daga kasafinku ko ragin bai tabbata ba.

Wa zai biya? Ginshiƙin tsarin, wato lasisi da ma'aikatansa, a biya shi daga asusun tsakiya. In aka ce kowane sashe ya biya kuɗin haɗa manhajarsa, shugabannin sassa za su ƙi haɗawa, ku tashi da tsari mai tsada wanda rabin manhajoji ke wajensa. Abin da ya dace a ɗora wa sassa shi ne sabbin manhajoji: kowace za a saya, kuɗin haɗa ta ya shiga kasafin sayenta tun farko.

Ku lura da aljihun da kuɗin zai fito. Tsarin da ake haya ta intanet yawanci yana faɗawa kuɗin gudanarwa ne, ba na jari ba, kuma shi ake fara datsewa in an matsu. Ku sa sashen kuɗi ya amince da wannan layin kasafi a rubuce kafin a sa hannu a kwangila.

A nemi a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi. Na farko: tantancewa ta biyu da killace asusun masu babban iko, don sakamakonsu na fitowa da wuri. Na biyu: haɗa tsarin da bayanan sashen ma'aikata, yadda ɗauka, canjin sashe da barin aiki za su riƙa buɗe izini da rufe shi da kansu. Nan ake yawan makalewa, domin in sunayen muƙamai da na shugabanni a rikice suke, na'ura za ta raba izini a rikice. A ware kuɗin gyaransu, kuma shugaban sashen ma'aikata ya sa hannu tare da ku. Bitar izini sai ta biyo baya. Kowane kashi a ɗaura shi da ma'auni ɗaya, misali awa nawa ake ɗauka kafin a rufe asusun wanda ya bar aiki.