Yadda ake sa fallen kitosan ya ɗauki wutar lantarki

Kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ba ya barin wutar lantarki ta ratsa shi idan ya bushe, haka ma sitaci. Ana sauya masa wannan hali ta hanyar cuɗa shi da siraran bututun kabon da ido ba ya iya ganin ɗaiɗaikunsu, irin waɗanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991.

Da farko a narkar da giram 1 na kitosan cikin mililita 100 na ruwa mai kashi 1 cikin ɗari na asid ɗin asetik, a bar shi yana juyawa har ya kwana, domin a ruwa zalla ba ya narkewa. Sannan a auna bututun, a fara da miligiram 10. Garin baƙi ne ƙirin, ba shi da nauyi ko kaɗan, numfashi ma yana iya tashinsa, saboda haka a sa takunkumi da safar hannu, a yi awon a cikin akwatin zuƙe iska. A 2014 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya wani nau'in bututun cikin abubuwan da ka iya haddasa cutar.

Wurin da aikin yake lalacewa shi ne warwatsawa. Bututun suna manne wa juna su yi ƙullutu, kamar garin da aka zuba a kunu ba a dama ba, alhali wuta ba ta wucewa sai sun bazu sun taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ya sa ake jijjiga haɗin da na'ura mai aiki da sauti na kimanin minti 30, kwalbar tana zaune cikin ƙanƙara. Idan aka zarce, bututun sukan kakkarye, gajeru kuwa ba sa haɗa hanya. A ɗiga digo ɗaya a kan gilashi a ɗaga wa haske. In an ga tsaba-tsaba, da saura.

Ƙaro, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya suke fitarwa, yana warwatsa bututun a ruwa sosai, kamar yadda bincike ya nuna tun 2002. Amma da sitaci ya dace, ba da kitosan ba, domin ƙaro da kitosan cajin lantarkinsu kishiyoyi ne, sai su dunƙule.

Daga nan a ƙara ɗan gilisarin don kada fallen ya tsage, a zuba a faranti mai shimfiɗaɗɗen gindi, a bari ya bushe a hankali. A tsoma shi a ruwan sodar yin sabulu mai ƙarancin ƙarfi, a ɗauraye, a sake busarwa.

Wajen gwaji, ma'aunin wucewar wuta mai allura huɗu ya fi mita ta masu gyaran rediyo gaskiya. A yi falle da yawa, mai bututu miligiram 10, da 20, da 50, domin akwai gaɓar da wutar take buɗewa farat ɗaya, bayanta kuma ƙari ba ya kawo wani abin kirki sai ƙaruwar gautsin fallen.