Kurakuran da Sababbin Masu Zanen Fuska a Waya da Kwamfuta Suka Fi Yi

Sabon mai zane yakan buɗe manhajar zane irin ibisPaint ko Krita ya fara da ido. Ya ƙawata shi, ya jera masa gashi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga neman inda zai ajiye sauran fuskar. Tun daga nan aikin ya karkace. Ido cikin ƙoƙon kai yake zaune, kuma wanda bai fara gina ƙoƙon ba, idanun za su haye masa sama, goshi ya tsuke, kan ya fito kamar an danne shi.

A fuskar baligi mai kallonka kai tsaye, idanu suna kusan tsakiya ne tsakanin saman kai da haɓa. Da yawa ba sa yarda sai sun ja layi a kan hoto sun gani. Mu kuwa muna da ƙarin dalilin faɗawa wannan kuskuren, domin yawancin waɗanda muke zanawa suna sanye da hula, ɗankwali ko hijabi. Tufa ta rufe saman kai, sai a manta akwai ƙashi a ƙarƙashinta, a ɗora hula a kan gira. Ka zana kan babu komai a kansa, har ƙeya, a leya ta daban (wato shimfiɗar zane da manhaja ke ɗora wa a kan wata), sannan ka sa masa hularsa.

Andrew Loomis, mai zane ɗan Amurka, ya shimfiɗa hanyar a littafinsa na 1956 kan zanen kai da hannuwa: a fara da ƙwallo, a shafce gefensa biyu, a sauko da muƙamuƙi. Sai a raba fuska uku: daga matsirar gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa. Kunne yakan kama daga gira zuwa ƙasan hanci, tsakanin ido da ido kuma faɗin ido ɗaya ne. Amma kada ka mayar da wannan doka. Ina jin takaici in ga an zana yarinya Bahaushiya an tsuke mata hanci, an rage mata leɓe, don kawai ta dace da ma'auni. Kamannin mutum suna wurin da ya saɓa wa ma'aunin ne, can za ka fi zuba ido.

Ka riƙa juya zanen hagu zuwa dama, kamar yadda madubi ke nuna shi, lokaci-lokaci. Ido yana sabawa da karkata, da ka juya za ka ga idon da ya fi ɗan'uwansa hawa.

Wajen inuwa ne aka fi shan wahala. Sai ka ga an duhunta gefen fuska zagaye, an bar tsakiya da haske, babu wanda zai iya cewa daga ina hasken yake zuwa. Kafin ka taɓa launi, ka yanke shawara: daga taga ta hagu ne, ko daga sama? Ka sa ƴar kibiya a gefen allo don tunatarwa. Sannan ka raba fuskar gida biyu kacal, inda haske ya taɓa da inda bai taɓa ba. Idan daga sama yake, ramin ido zai yi duhu, haka ƙasan hanci, leɓen sama, ƙarƙashin leɓen ƙasa da wuya. Wannan kaɗai ya isa fitar da hanci ba tare da ka ja masa layi biyu a gefe ba.

Sai jarabar murzawa. Buroshin feshi da kayan murza launi suna da daɗin aiki, shi ya sa ake goge komai har fuska ta rasa ƙashi. Fuska tana da wurare masu kaifi da masu laushi. Inuwar da hanci ya jefa kan kunci bakinta a yanke yake, ta kumatu kuwa a hankali take shiga haske. Ka fara da buroshi mai ƙarfin baki, ka murza inda ya kamata kawai.

Kada ka yi inuwa da baƙi zalla, musamman a baƙar fata, toka-toka za ta fito. Ka ɗauki ruwan ƙasa mai duhu wanda ya karkata zuwa ja ko shuɗi-shuɗi. Ka duba goshin mutum da tsinin hancinsa a rana: baƙar fata tana sheƙi sosai, wani lokaci har launin sararin sama take maidowa. Sheƙin nan ƙanana ne, a wurare kaɗan, kuma a ƙarshe ake sa su. Farin ido ma ba fari fat ba ne, ƙwallo ne da fatar ido ta yi masa inuwa daga sama.

In kana shakkar inuwarka, ka cire launin zanen na ɗan lokaci ya koma baƙi da fari, ka ƙanƙance shi ya zama kamar hoton fasfo. Idan a haka ba ka gane inda hasken yake zuwa ba, ka koma ka gyara rabon haske da inuwa kafin ka ƙara ko da gashin gira ɗaya.